Wa Za Ka Ɗauka Aiki a Tankin Murjani: Jatan Lande, Berghia, Kifi ko Bushiyar Teku?

Aiptasia wata 'yar halittar teku ce mai harbi da ke addabar masu kiwon murjani a tankin gida. Ta farko da na gani a tankina, a gindin wani ɗan reshen murjani da na saya ta shigo. Ba ta fi ƙwayar dawa ba, ruwan ƙasa-ƙasa, da 'yan siraran hannuwa suna kaɗawa cikin ruwa. Wallahi har murna na yi, ina cewa mai shago ya yi mini gyara. Na ma riƙa ɗiga mata abinci da sirinji. Bayan wata uku na ƙirga sama da arba'in, na gaji na daina ƙirgawa, kuma duk murjanin da ke kusa da su ya ƙanƙance ya ƙi buɗewa, saboda harbin da suke yi masa dare da rana.

Wannan halitta 'yar uwar murjani ce, amma ta fi shi taurin rai nesa ba kusa ba. Ka taɓa ta, ta shige rami cikin ƙiftawar ido. Ka kankare ta da wuƙa, kowane ɗan tsoka da ya rage a jikin dutse sai ya zama sabuwa. Ko ba a taɓa ta ba, idan tana jan jiki a kan dutse takan bar gutsattsarin tafinta a baya, su ma su tsiro. Allurar kunun kalkwasser, farar hodar kalsiyam ɗin nan da ake damawa da ruwa, tana kashe wadda idonka ya gani kuma hannunka ya kai. Waɗanda ke bayan duwatsu da cikin bututun da ruwa ke sauka kuwa, an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Daga nan ne kusan kowa ke fara tunanin kawo wata halitta da za ta cinye matsalar.

Kafin ka ciro kuɗi, ka tuna da carki. Makiyayi ya san yana cire wa saniya kaska, ya kuma san idan ya sami gyambo a bayanta ba zai bar shi ya warke ba, domin cikinsa yake yi wa aiki. Haka duk wani mafarauci ko mai kiwo da za ka saka a tanki. Tambayar da ta fi "yana cin abin kuwa?" muhimmanci ita ce: ranar da abin ya ƙare, me zai ci? Amsar ta raba su gida biyu. Akwai masu abinci ɗaya tak, waɗanda ba sa taɓa murjani ko kusa, amma suna gama aiki yunwa ta kashe su. Akwai kuma masu cin duk abin da suka samu, waɗanda za su rayu shekaru, amma ba ka da tabbacin za su kalli abin da ka kawo su dominsa, kuma wata rana za ka iya tarar da su a kan murjanin da ka fi ƙauna.

Masu neman aikin Aiptasia su huɗu ne

Na fara da jatan landen da 'yan kasuwa ke kira fefamint, domin shi ne mafi arha kuma shi ake fara miƙa wa kowa. Ɗan ƙarami ne, bai cika wuce santimita 5 ba, jikinsa garai-garai da jajayen layuka. Abin da ke rikita mutane game da shi, wani ya ce nasa sun share masa tanki cikin mako biyu, wani ya rantse nasa ko kallon Aiptasia ba su yi ba, kuma dukansu gaskiya suke faɗa. Shekara da shekaru ana sayar da su da suna ɗaya, Lysmata wurdemanni, sai a 2006 masu bincike biyu, Andrew Rhyne da Junda Lin, suka nuna cewa jinsuna da dama ne aka cuɗa wuri guda, har suka raɗa wa huɗu sababbin sunaye. Cikinsu Lysmata boggessi, wanda ake kamowa a gaɓar Florida, shi ya yi suna wajen cin Aiptasia. Mai shago sau da yawa bai san wanne ne a tankinsa ba, kai ma ba za ka gane da kallo ɗaya ba.

Akwai kuma wanda ba ɗan gidan ba ne sam, Rhynchocinetes durbanensis, mai ƙusumbi kamar raƙumi, da fararen layuka masu kaifi da manyan idanu. Shi aka taɓa sayar mini, guda uku, a wani shago da sunan fefamint. Ba ya cin Aiptasia, murjani mai laushi yake tsinka. Sai da na kwashe rabin duwatsuna kafin na kama su ukun. Idan ka ga doro a bayansa, ka bar shi inda ka gan shi.

Ko ka dace da na gaskiya, ga halinsa. Ƙananan Aiptasia yake iyawa da su, manya masu faɗin kwabo yakan kewaye su. Da dare yake fita, kuma ya fi ƙarfin hali idan su uku ne ko huɗu. Idan kana zuba abinci da yawa a tanki, ya sami na banza, ba zai wahalar da kansa da abin da ke harbi ba. Sannan ɓarawo ne. Na sha tsayawa ina kallo, na ɗora wa murjani mai manyan baki ɗan naman jatan lande, kafin ya rufe baki sai ga fefamint ya dira a kansa, ya zura hannuwa har cikin bakin yana zaƙulo loma. Yau da gobe naman murjanin yakan yage. Kyawunsa ɗaya babba: bayan Aiptasia ta ƙare yana ci gaba da rayuwa da ragowar abinci, yana kuma tsince 'yan ƙanana da suka sake tsirowa.

Na biyu ita ce Berghia stephanieae, wata katantanwar teku marar kwanso, fara-fara, mai gashi-gashi a baya, tsawonta santimita 2 zuwa 3. Ángel Valdés ne ya bayyana ta ga ilimi a 2005, daga ruwan Florida. Wannan ba ta da wani abinci a duniya sai Aiptasia. Ba ta san murjani ba, ba ta san gansakuka ba. Saboda ƙanƙantarta tana shiga ramukan da sirinji ba ya kaiwa, ta cinye abin har gindinsa. A ganina babu wanda ya kai ta iya aikin, idan aka ba ta lokaci, kuma lokacin ne ke gagarar mutane.

Za ka biya kuɗi masu kauri a kan 'yan abubuwa shida ko takwas da ba su fi ƙwayar shinkafa ba, ka sake su a kan dutse, washegari ka neme su ka rasa. Mako uku, mako huɗu, babu labari, Aiptasia na nan daram. A nan ne da yawa ke cewa an cuce su, su je su sayo fefamint su ƙara, shi kuma fefamint ya bi Berghia ya cinye. Abin da ke faruwa a ɓoye shi ne, waɗanda ka saya iyaye ne kawai. Kowace ɗaya mace ce kuma namiji, suna haɗuwa su saka ƙwai farare a murɗe kamar gammo a ƙarƙashin dutse, ƙwan ya ƙyanƙyashe cikin kusan mako biyu, 'ya'yan da jikokin su ne rundunar. Ni sai a mako na bakwai na gan su. Na tashi wajen ƙarfe biyu na dare da tocila mai jan haske, na haska bayan wani dutse, sai ga biyar sun kewaye wata babbar Aiptasia, sun fara ta daga gindi, tana ta lanƙwashewa ba ta da yadda za ta yi. Da safe wurin fes, kamar ba a taɓa yin komai a nan ba. A wata na uku sai da na yi nema kafin na ga Aiptasia guda ɗaya.

Sai dai sharuɗɗanta da yawa. A sake su wuri ɗaya domin su sami juna, a kashe injin tura ruwa na ɗan lokaci, kada a ɗora su kai tsaye a kan Aiptasia domin takan iya harbin wadda ta faɗo mata a baki. Bakin famfo marar raga yana zuƙe su. Kifaye masu tsince-tsince a jikin dutse suna cinye su. Kuma ranar da aiki ya ƙare, idan ba ka tsince su ka ba wani mai irin matsalarka ba, za su ƙanƙance su mutu. Idan Aiptasia ɗaya ko biyu sun tsira a cikin bututu, bayan watanni za su dawo, babu mai tarbarsu. Wani abu da ya kwantar mini da hankali game da ita, duk wadda ake sayarwa kiwonta aka yi, ba a teku aka kamo ta ba.

Na uku shi ne kifin da kowa ke so ya ce shi ne amsa, saboda kyau: Chelmon rostratus, mai dogon baki kamar hantsaki, fari da ratsin ruwan tagulla, da baƙin ɗigo kamar ido a can baya. Idan ya karɓi aikin, yana gamawa da sauri, manya da ƙanana. Amma zan faɗa ba tare da kwana-kwana ba: sabon shiga kada ya saye shi. Yana kai santimita 20, yana buƙatar tanki na lita 300 zuwa sama mai duwatsu da suka daɗe, kuma matsalarsa ta farko ba ta da alaƙa da Aiptasia. Cin abinci ne. Da yawa suna isowa shago a rame bayan doguwar tafiya, su ƙi duk abin da aka ba su, su mutu cikin 'yan makonni. Mai kunya ne wajen ci, kifaye masu zafin nama sukan wawashe abinci kafin ya gama dubawa. Idan ka nace, ka sa mai shago ya ba shi abinci a gabanka, ka ga ya haɗiye da idonka, ka kuma dubi bayan kansa da cikinsa ko sun lotsa. Sannan ka san cewa tsutsotsin nan masu fuka-fuki kamar fure da ke fitowa daga dutse, su zai fara sharewa kafin ya waiwayi Aiptasia, kuma wasunsa sukan ciji Tridacna, babbar halittar nan mai kwanso biyu da mutane ke kashe kuɗi a kanta. Wani kuma zai shekara a tankinka lafiya lau, yana wuce Aiptasia kamar bai san ta ba.

Na huɗu ba shi da kyan gani ko kaɗan. Acreichthys tomentosus, kifi mai kaushin fata, launinsa kamar busasshen ganye, yana sauya shi daidai da inda ya tsaya. Santimita 10 zuwa 12 ne iyakarsa, yana iyo a hankali kamar mai tunanin bashi. Ya fi mai dogon baki ƙwari sosai, yana karɓar abincin kanti ba gardama, ana kuma samun waɗanda aka haifa a gidan kiwo. Tanki na lita 120 ya ishe shi. Yakan ɗauki makonni kafin ya fara, wani lokaci sai ka cire rai. Inda gizo ke saƙar shi ne bayan ya gama: bakin da ya saba tsinkar abu mai laushi mai hannuwa ba ya bambance Aiptasia da zoanthid, ƙananan murjanin nan masu kama da maɓallai, ko murjani mai kauri da nama. Sauƙinsa, da yake ba ya gudu, kama shi a fitar ba wuya, abin da ba za ka ce game da fefamint ba.

To wanne? Ga yadda nake ba abokai shawara. Idan Aiptasia ba ta fi biyar ko goma ba, kada ka sayi kowa, sirinji da haƙuri sun isa, ko ka fitar da dutsen gaba ɗaya. Idan tankin ƙarami ne, ƙasa da lita 150, kuma Aiptasia ƙanana ne, fefamint uku, ka rage zuba abinci. Idan ta mamaye ko'ina, kana da murjani masu tsada, ba ka da kifin da ke farautar ƙananan halittu, Berghia, ka kuma ɗaure hannunka wata uku. Idan tankinka na murjani masu tauri ne masu ƙananan baki irin Acropora, ko kifi ne zalla da duwatsu, tomentosus ya fi kowa sauƙin sha'ani. Mai dogon baki kuwa, ka saye shi ranar da kake sonsa don kansa kuma ka shirya ciyar da shi sau biyu ko uku a yini. In ya ci Aiptasia, riba ce.

Gansakuka: a nan teku da kanta ta ba da darasi

A 1983 wata cuta ta faɗa wa Diadema antillarum, baƙar bushiyar teku mai dogayen ƙayoyi, ta faro daga gaɓar Panama ta bazu cikin tekun Karebiyan, ta kashe fiye da kashi 90 cikin 100. A Jamaika, inda kamun kifi ya riga ya rage kifaye masu kiwo, bushiyar ce kaɗai ta rage tana aske duwatsu. Da ta tafi, gansakuka ta rufe komai. Terry Hughes ya wallafa a 1994 cewa murjanin da ke rufe kusan kashi 52 na gaɓar ya koma kashi 3, gansakuka kuma ta tashi daga kashi 4 zuwa 92. Guguwar Allen ta 1980 ma ta yi nata ɓarnar, amma rashin masu kiwo ne ya hana wurin farfaɗowa. Wato a tankin murjani masu kiwo ba magani ba ne da ake nema bayan ciwo ya kama, ma'aikatan dindindin ne.

Darasi na biyu daga Hawai ne, a mashigin Kaneohe, inda baƙuwar ciyawar teku ta danne murjani. Hukuma ta fara zuƙe ciyawar da wani babban injin zuƙa na ƙarƙashin ruwa, sannan daga 2011 ta riƙa sakin 'ya'yan bushiyar Tripneustes gratilla da aka ƙyanƙyashe a gidan kiwo, domin su hana ta dawowa. Ka lura da jerin: hannu tukuna, sannan baki. Haka yake a falonka. Gansakuka mai gashi da ta yi tsawon yatsa, kusan babu dodon koɗin da zai shiga cikinta. Ka tuge ta, ka goge dutsen da buroshin haƙori, ka zuƙe abin da ya tashi, sannan masu kiwo su riƙe maka wurin. Idan kuma sinadaran nitret da fosfet sun yi yawa saboda yawan abinci ko ruwan da ba a tace da kyau ba, ko runduna ka zuba tsirowa za ta fi ci sauri.

Cikin dodannin koɗi, Trochus nake sa wa a gaba. Kwansonsa kamar malfa mai tsini, yana jure ɗumin tanki, yana iya juya kansa idan ya faɗo a rigingine, wani lokaci har ya hayayyafa a tanki. Astraea yana kama da shi kuma ya fi arha, amma idan ya faɗi a bayansa a kan yashi, yana nan har kaguwa ta zo ta same shi, sai ka zama mai aikin juya dodon koɗi kowace safiya. Turbo na Meziko babba ne, ci gare shi kamar gara, shi ne ma ke iya taɓa gashin da ya ɗan yi tsawo, sai dai buldoza ne, duk reshen murjanin da ba a manne da gam ba zai ture shi. Kuma daga mashigin Kalifoniya yake, ruwan da ya fi na tankinmu sanyi. Tankin murjani digiri 25 zuwa 26 yake so. Wanda ke zaune a ƙasa mai zafi, inda ruwa kan haura 28 idan wuta ta ɗauke, ya san Turbo ba zai daɗe ba, balle wanda ake kira Margarita, ɗan ruwan sanyi ne tsantsa, dafuwa yake yi a hankali. Cerith ƙanana suna shiga lungu da saman yashi. Nassarius kuwa, da ake cusa wa mutane cikin "tawagar shara", ba ya cin gansakuka ko kaɗan, mushe da ragowar abinci yake jira a ƙarƙashin yashi.

Kada ka yarda da lissafin 'yan kasuwa na dodon koɗi ɗaya ga kowane galan, wato ƙasa da lita 4. Za su share tankin cikin wata guda, sannan su bi juna da mutuwa, ruɓewarsu ta zama takin sabuwar gansakuka, an gudu ba a tsira ba. Ka fara da kaɗan, ka ƙara idan ka ga aiki ya fi ƙarfinsu.

Bushiyar teku ita ce ta fi kowa aske dutse. Ga tankin gida, Mespilia globulus ta fi dacewa, 'yar dunƙulalliya mai gajerun ƙayoyi da ratsin shuɗi kamar karan-miski. Inda ta bi da dare, da safe za ka ga farar hanya a kan dutse. Farar hanyar nan ita ce kuma laifinta, domin tana haɗawa da jar gansakuka mai tauri da ke ƙawata duwatsu, wadda wasu ke shekara suna jira ta fito. Sannan tana da ɗabi'ar ɗaukar kaya a ka. Tawa ta taɓa yawo kwana huɗu da wani ɗan zoanthid da kwanson dodon koɗi da guntun roba a bayanta, kamar mai tallar gwanjo. Ni dai na zaɓi bushiya ɗaya a kan dodannin koɗi goma, amma na manne komai da gam. Diadema mai dogayen ƙayoyi kuwa ta manyan tankuna ce, kuma duk ranar da ka zura hannu ba ka duba ba za ka tuna da ita.

Kaguwa mai shiga kwanson wasu, mai shuɗin ƙafa ko mai ja, tana da daɗin kallo kuma tana tsince lunguna, amma idan ta girma gida take nema, gidan kuma na dodon koɗinka ne. Ka zuba mata kwansuna na banza, ka kuma rage yawanta. Koriyar kaguwa Mithraculus sculptus ana kawo ta ne saboda Valonia, gansakukar nan mai kama da koren ƙwallon gilashi, wadda kowane ƙwallo ƙwayar halitta ɗaya ce tak, abin mamaki. Bakin hannuwanta kamar cokali yake, ta iya ɓare su. Wasu suna yi, wasu ba sa yi, kuma babba mai jin yunwa yakan kai hannu ga murjani. Ɗaya ko biyu, ƙanana, sun isa gwaji.

Kifaye masu kiwo sai tanki ya yi girma. Zebrasoma flavescens, rawayan tang, yana kai santimita 20 kuma yana son filin iyo, kada a sa shi ƙasa da lita 350 zuwa 400. Lokacin da kotu ta dakatar da kamun kifin ado na kasuwanci a Hawai a farkon 2021 farashinsa ya yi tashin gwauron zabo, ko da yake tun 2015 cibiyar Oceanic Institute ta yi nasarar kiwonsa, kuma yanzu ana samun na gida. Dangin Ctenochaetus, masu haƙora kamar buroshi, ba sa yanke dogon gashi, dattin da ke kwanciya da siririn yaɓin gansakuka suke gogewa, wato suna hana ta kafuwa tun farko. Siganus vulpinus, mai fuskar yanyawa, ya fi su duka faɗin ci, har Valonia wasunsa na taɓawa, amma yana kai santimita 25 kuma ƙayoyin bayansa da dafi, a kula wajen kama shi. Ga ƙaramin tanki akwai Salarias fasciatus, mai fuskar tsoho da gira, wanda ke barin tabon leɓɓansa a jikin gilashi. Shi ma yaɓi yake so fiye da gashi, kuma a tanki mai tsabta sosai yakan rame idan bai koyi cin abincin kanti ba.

Dolabella auricularia, wadda ake kira zomon teku, ita ce Berghiar gansakuka: ƙatuwa, mummuna, tana share gashi cikin kwanaki, sannan yunwa. Aro ake yi da ita, a gama a miƙa wa na gaba.

Abu biyu kada ka ɓata kuɗi a kansu. Bryopsis, mai kama da gashin tsuntsu idan ka duba da kyau, tana da sinadarin da ke sa yawancin masu kiwo su tofar da ita, shi ya sa masu tanki suka koma ga maganin fluconazole. Jan yaɓin nan mai santsi kuma, da ruwan ƙasa mai kumfa kamar majina, ba gansakukar kiwo ba ce. Na farko ƙwayoyin bakteriya ne, na biyu wasu ƙananan halittu ne da wasunsu ke da guba har su kashe dodon koɗin da ya ci su. Gyaran ruwa da motsinsa da haske ne maganinsu.

Sauran ƙananan baƙi

Jajayen tsutsotsi masu faɗi, Convolutriloba, da ke shimfiɗuwa a kan yashi da murjani, suna da nasu mai abinci ɗaya, Chelidonura varians, baƙa mai shuɗin layi, kyakkyawa, gajeren rai, kuma famfo na zuƙe ta. Na fi son kifin Halichoeres, ko melanurus ko rawayan chrysus, da ke yini yana duba kowane rami. Sharaɗinsa yashi mai laushi da zai nutse ya kwana a ciki, da murfi a kan tanki domin tsalle gare shi. Pseudocheilinus hexataenia mai layi shida ƙarami ne kuma mafarauci na gaske, amma idan ya girma yakan zama ɗan daba, ya hana duk sabon kifi sakat. Kafin ka kawo ko wanne, ka zuƙe tsutsotsin da siririn tiyo gwargwadon iko, domin idan suka mutu da yawa lokaci ɗaya suna sakin guba a ruwa.

Jatan lande Hymenocera, mai zanen furanni, taurarin teku kawai yake ci. Yana gama 'yan ƙananan taurarin Asterina da suka dame ka, sai ka koma sayen tauraron teku mai rai kana ba shi har iyakar ransa. Ka tambayi kanka ko za ka iya. Tsutsotsi masu ƙaya da ke fitowa da dare kuwa, yawancinsu 'yan shara ne na kyauta, a bar kaza cikin gashinta.

Inda mutane suka fi yin asara shi ne haɗa ma'aikatan da ke cin juna. Halichoeres da mai layi shida suna cin Berghia, babban Halichoeres yakan haɗa da fefamint da ƙananan dodannin koɗi. Fefamint na cin Berghia da ƙwanta. Tomentosus yakan tsinki ƙananan jatan lande. Saboda haka jeri yana da muhimmanci: Berghia tukuna, ta gama, a fitar da ita, sannan fefamint ko kifi ya shigo gadi. Duk marar ƙashin baya, dodon koɗi ne ko bushiya ko jatan lande, a saba masa da ruwan tanki a hankali, ɗigo-ɗigo na kusan awa guda, domin sauyin gishiri farat ɗaya yana kashe su ko da bayan kwanaki ne. Maganin kifi mai tagulla a ciki kuma kada ya kusanci tankin da suke.

Tankina na lita 300 yanzu yana da Trochus takwas, Cerith kaɗan, bushiya ɗaya, Ctenochaetus ɗaya, da melanurus da ya shigo bayan na raba Berghia ga mutum biyu. Kowane sabon murjani yana yin wata guda a wani ƙaramin tanki na gefe, na yanke gindin da ya zo da shi na jefar, na duba shi da tocila dare uku a jere. A makon jiya na ga Aiptasia guda a can cikin akwatin da ruwa ke sauka, inda kifi ba ya shiga. Sirinji na ɗauko.